Yadda ake farautar littattafan tarihin gari a shagon tsofaffin littattafai, a samu na ƙwarai da araha

Littafin da zai fi ba ka labarin garinku ba lallai ba ne ya zama ƙato mai bango mai sheƙi. Yawanci wani ɗan siririn abu ne, shafi arba'in ko sittin, wanda wani malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci ya zauna ya rubuta, aka buga kwafi kaɗan a ƙaramar maɗaba'a, aka raba a wajen taro, daga nan ba a sake waiwayarsa ba. Irin waɗannan ba ka samunsu a shagon sababbin littattafai, sau da yawa ko a intanet babu su. Inda suke ƙarewa shi ne hannun masu sayar da tsofaffin littattafai, cikin kwali, ƙarƙashin tebur, an cakuɗa su da tsofaffin mujallu da littattafan lissafin 'yan makaranta. Na daɗe ina wannan yawo, ga yadda nake yi tun daga fita gida har dawowa.

Mataki na farko: tun a gida ake fara neman

Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen da kake nema, kuma ba sunan garin kaɗai ba. Rubuta sunan kogin da ya ratsa shi, dutsen da ke kusa, tsofaffin unguwanni, tashar jirgin ƙasa in akwai, manyan makarantu, asibiti, kamfanin da ya taɓa yin tashe a wurin, gidajen da aka san su, da sunan lardin da garin yake ciki a da. Dalili kuwa, littafin da ke ɗauke da babi guda mai daraja a kan garinku ƙila sunansa ma bai ambaci garin ba, ƙila a kan ginin layin dogo yake magana ko a kan cinikin gishiri.

Sai kuma tsofaffin sunaye, wannan shi mutane suka fi mantawa. Wurare suna canza suna, rubutun sunan ma yana canzawa. Wanda ke neman tarihin Kinshasa in bai san cewa kafin 1966 Léopoldville ake ce mata ba, to zai wuce littafin da yake nema yana kallonsa. N'Djamena har 1973 Fort-Lamy ce, Harare kafin 1982 Salisbury ce, Mumbai kuma sai 1995 ta bar sunan Bombay a hukumance. Ƙananan garuruwa ma haka suke, kuma nasu ya fi rikitarwa saboda baƙon da ya fara rubuta sunan yadda kunnensa ya ji ya rubuta, wani ya zo ya rubuta daban. Duk salon rubutun da ka taɓa gani ka sa shi a takardarka.

Ka ɗau hoton littattafan da kake da su a waya don kar ka maimaita saye. Ka tafi da jaka mai ƙarfi, fensir, hankici ko takunkumi saboda ƙura, kuma ka yanke wa kanka iyakar abin da za ka kashe tun kafin ka ga kaya. Sannan ka ware lokaci sosai, wannan ba aikin da ake yi a tsaitsaye ba ne ana duba agogo.

Na biyu: mai shagon

Kar ka faɗa kan littattafai kai tsaye. Yi sallama, ku gaisa sosai, in dattijo ne ka ce "Baba barka da aiki, ya kasuwa?" in tsaranka ne "Malam sannu da ƙoƙari." Mutumin nan shi ya san abin da ke cikin ɗakin baya, kai ba ka sani ba. Kuma yadda ka yi tambaya yana da tasiri, in ka ce masa "akwai littafin tarihi?" zai miƙo maka manyan littattafan yaƙin duniya ko na jarrabawa. Ni abin da nake cewa shi ne, "Baba, irin 'yan ƙananan littattafan nan nake nema, na bikin cikar makaranta shekara hamsin, ko tarihin wani bawan Allah da iyalansa suka buga, ko tsohuwar taswira, ko rahoton hukuma. Akwai kwalin da ba a buɗe ba tukuna?" Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce mabuɗin. Kayan tarihin gari a dunƙule suke zuwa, wani mai karatu ya rasu iyalansa suka kwashe ɗakinsa, ko ofis ya tashi, ko makaranta ta share sito, sai ka ga kwali guda duk a kan yanki ɗaya yake, saboda mutum ɗaya ne ya tara su tsawon rayuwarsa. In ka ci karo da guda ɗaya mai kyau, tambayi mai shagon nan take ko tare da wasu ya zo.

Na uku: inda ake dubawa

Kantar tarihi ka duba ta, amma kar ka daɗe a wurin, kowa nan yake fara zuwa kuma an riga an tsince ta. Ka wuce wajen labarin ƙasa da tafiye-tafiye, tarihin rayuwar mutane, addini, noma, harshe, har da wajen littattafan shari'a da na lafiya. Rahoton likita a kan wata annoba da aka yi a yanki yana iya ba ka adadin gidaje da rijiyoyin unguwa a shekarar da babu wanda ya rubuta komai a kanta. Haka tsohon kundin lambobin tarho, rahoton ƙidaya, mujallar makaranta, kalandar ƙungiya, kundin digiri da aka buga da tafireta, takardar shirin taro mai jerin sunayen mahalarta.

In ka ga littattafan da suka fito daga laburare, dubi lambar da aka manna a ƙeyarsu, wato gefen da ke kallonka in an jera su. Laburare da yawa suna bin tsarin Dewey wanda aka fara tun 1876, a cikinsa gidan 900 na tarihi da labarin ƙasa ne: 910 labarin ƙasa da tafiye-tafiye, 920 tarihin rayuwar mutane, 940 Turai, 950 Asiya, 960 Afirka, 970 Arewacin Amurka, 980 Kudancin Amurka. Da ka riƙe wannan sai idonka ya riƙa gudu a kan lambobi ba sai ka karanta kowane suna ba.

Amma gaskiya aikin na ƙasa ne. Ka tsuguna. Kantar da ke daidai ido ta kayan da ake saurin saye ce, namu suna can ƙasa ko can sama, kuma da yawansu sirara ne sosai har ba su da ƙeyar da za a rubuta suna, sun maƙale tsakanin manyan littattafai biyu ba a ganinsu. Sai ka sa yatsa kana bi ɗaya bayan ɗaya, duk inda ka ji wani siriri ka zaro shi. Wata rana a ƙasan wani kwali, bayan na ɗaga tsofaffin mujallu sun fi talatin, na zaro wani ɗan littafi da bangonsa ya koɗe har launinsa ba ya ganuwa, ƙarfen da aka maƙale shi da shi ya yi tsatsa ya ɓata tsakiyar takardun. Na bikin cikar wata makarantar firamare ne. A tsakiya akwai hoton ɗaliban farko sun jeru layi uku, kuma wanda ya mallaki littafin ya bi da fensir ya rubuta sunan kowane yaro a ƙasan hoton da ƙananan haruffa, wasu ya sa musu 'yar alama a gefe. Hannuna har rawa ya yi. Wannan rubutun fensir ɗin ba shi a kowane kwafi a duniya sai wannan, don haka in ka ga an yi rubutu a gefen shafi kar ka yi saurin cewa an ɓata littafi, karanta tukuna ka ga me aka rubuta.

Kana tafiya kana ware duk abin da ya ja hankalinka gefe guda, kar ka tsaya karatu yanzu. Sai ka gama zagaye sannan ka zauna da tarin.

Na huɗu: binciken littafin kansa

Nan ne ake cin riba kuma nan ne ake faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Fara da hanci. Warin tsohuwar takarda daban, warin laima daban. In ka ji yana wari irin na ɗakin da ruwa ya kwana a ciki, buɗe ka duba ko akwai fumfuna, wani gari-gari fari ko baƙi ko kore a jikin bango da kusa da ɗinki. Fumfuna tana yaɗuwa zuwa sauran littattafanka kuma tana taɓa ƙirji, sai in abin ba shi da na biyu za ka ɗauka. Amma ɗigo-ɗigon nan masu ruwan ƙasa da ke fitowa a tsohuwar takarda, waɗannan tabon tsufa ne kawai, ba sa hana karatu, kar su tsorata ka.

Sai ƙwari. Riƙe littafin ta bango ka ɗan girgiza shi a hankali a kan tafin hannunka ko farar takarda, in gari mai laushi ya zubo kuma ka ga ƙananan huji sun ratsa shafuka, wani abu ya ci shi, ƙila ma yana ciki har yanzu. Gara tana cinye ciki ta bar bango lafiya lau, kyankyaso yana gwaguyar bango saboda gam, akwai kuma ɗan ƙwaron nan mai launin azurfa da ke kankare fuskar takarda. Huji a gefen da babu rubutu ba komai, hujin da ya bi ta tsakiyar rubutu shi ne asara.

Takardar ma ka lura da ita. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da itace maimakon tsumma, kuma ta itacen tana da sinadarin da ke sa ta yi ja ta bushe tana karyewa, shi ya sa za ka iya ganin littafin 1780 fari tas da ƙarfinsa, na 1950 kuma yana marmashewa. In ka buɗe ka ga gefen shafuka yana zuba kamar busasshen ganye, ka san wannan na ɗaukar hoto ne a ajiye, ba na yawan buɗewa ba.

Yanzu ƙirga. Je ka jerin abubuwan da ke ciki a farko, ka ga shafin da babi na ƙarshe ya fara, ka tabbatar littafin ya kai can har ya wuce, domin shafukan farko da na ƙarshe su suka fi saurin ɓallewa, kuma a ƙarshen ne fihirisa da jerin sunaye da jadawalin shekaru suke. Sannan ka bi lambobin shafi da babban yatsa. Ana naɗe babbar takarda ne a ɗinka ta damiya-damiya, galibi shafi 16 ko 32 kowace damiya, to wani lokaci tun daga maɗaba'a ake tsallake guda ko a maimaita ta, sai ka ga daga shafi na 48 an faɗa na 65. In ka ga giɓin 16 cif, damiya guda ce babu.

Sai babban abu, taswira da hotuna. In littafin yana da jerin hotuna a gaba, bi su ɗaya-ɗaya. In an ce akwai taswira mai naɗewa a baya ko cikin aljihun bango, buɗe ta gaba ɗaya ka gani da idonka. Akwai masu yanke taswira da hotuna su sayar daban, abin da suke bari shi ne wani ɗan siririn gefen takarda a jikin ɗinki. Na taɓa sayen wani littafi a kan wani lardi saboda taswirar da aka ambata a shafin farko, wadda ta nuna ƙauyuka da hanyoyin da yanzu babu su, ban buɗe baya ba saboda murna, sai da na isa gida na tarar da aljihun wayam. Abin ya daɗe yana min ciwo, domin duk bayanin littafin yana cewa ne a duba taswira. Tun daga ranar, bayan littafi nake fara buɗewa kafin gabansa.

In akwai hatimin laburare, nemi hatimi na biyu da ke nuna cewa laburaren da kansa ya sallami littafin. In babu, kuma alamu sun nuna an kankare ko an yage wurin hatimin, ka bar shi. Littafin tarihin gari da aka sace daga laburare an raba dubban mutane da shi ne, ni ba na sa kuɗina a wannan. Haka rubutun hannu ko takardun hukuma da ba a san ta inda suka fito ba.

Na biyar: yaushe aka buga shi?

Duba bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, nan ake sa shekara da bugu na nawa ne. In ka ga jerin lambobi kamar 10 9 8 7 6 5 4 3, mafi ƙanƙanta ita ce ke nuna bugun, wato wannan na uku ne. In shekarar da haruffan Romawa take, M dubu ce, CM ɗari tara, L hamsin, X goma, I ɗaya, don haka MCMLII shi ne 1952. In da shekarar Hijira aka rubuta, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1380 za ta ba ka wajen 1960.

Ƙananan littattafan gari kuwa da yawa ba su da shekara sam, sai ka yi aikin ɗan sanda. Lambar ISBN, wato lambar shaida ta duniya da ake ba kowane littafi, sai wajen 1970 ta zama ruwan dare, mai lamba 13 kuma daga 2007 ta fara, in ka gan ta ka san iyakar tsufansa, amma rashinta ba hujja ba ce tunda masu buga na kansu da yawa ba sa nema. Duba shekara mafi kusa da aka ambata a cikin rubutun, duba sunan ƙasa, in an ce Gold Coast (Ghana ta yanzu) to kafin 1957 ne, in an ce Upper Volta (Burkina Faso ta yanzu) kafin 1984 ne. Tallace-tallacen baya ma suna magana, irin kuɗin da aka rubuta da tsawon lambar tarho.

Ka yi hattara da sabon bugu na tsohon littafi wanda hotonsa kawai aka ɗauka aka sake fitarwa. Za ka gane shi da fari ƙal ɗin takarda, rubutu mai dishi-dishi, wani lokaci har inuwar yatsan wanda ya ɗau hoton. Don karatu ba laifi, amma taswirar ciki galibi an ƙanƙance ta ko an ɗauke ta a naɗe, kuma bai kamata a sa masa kuɗin na asali ba.

Na shida: ya cancanci a saya?

Buɗe fihirisa ka nemi sunayen takardarka. In babu fihirisa karanta gabatarwa, ka ga waye marubucin, ya zauna a wurin ko ji ya yi, da wa ya yi hira, wace shekara. Wanda ya ce "na ji daga bakin wance, tana da shekara tamanin lokacin" ya fi min wanda ya kwafo daga wasu littattafai, ko da Hausarsa ko Turancinsa bai kai ba. Da tsohuwar zuma ake magani, sai dai fa kowane marubuci da inda ya karkata, jami'in mulkin mallaka da idon ofishinsa yake kallo, ɗan gida kuma yana kare gidansu, don haka in ka samu biyu da suka saɓa wa juna a kan abu ɗaya, sayi duka biyun.

In kana shakka, koma gefe ka duba waya minti biyu. WorldCat, shafin intanet mai jerin littattafan laburare na duniya, zai nuna maka laburare nawa ke da shi, in biyu ne ko uku ko babu, to kar ka bar shi. Internet Archive ko Google Books, shafukan da ake ɗora littattafai a intanet, za su nuna ko an riga an ɗora shi kyauta, in yana can cikakke ka adana kuɗinka don wanda ba ya can. AbeBooks kuma, shafin masu sayar da tsofaffin littattafai, kuɗin da masu sayarwa ke nema yake nunawa, ba wanda aka saya ba, kar ya ruɗe ka.

Na bakwai: ciniki

Kasa tarinka kashi uku a zuci: wanda ba za ka tafi ka bari ba, wanda kake so, da wanda in an bari ba komai. Haɗa su ka nemi kuɗinsu a dunƙule, ya fi sauƙin samun ragi a kan ɗaya-ɗaya, in ya wuce ƙarfinka sai ka riƙa cirewa daga kashi na uku. In akwai aibi na gaskiya nuna shi cikin ladabi, "Baba ka ga shafi huɗu babu a ƙarshe, a duba min." Kar ka kushe kaya don a rage maka alhali ka san yana da kyau, kuma in ya faɗi kuɗin da kai kanka ka san araha ne, biya kawai. Mutumin da ka kyautata wa shi zai ɓoye maka kwali na gaba. In shagon mai kuɗi a rubuce ne ba a ciniki, tambayi ko akwai kwandon rangwame. Kafin ka fita bar masa lambarka da sunaye uku ko huɗu daga takardarka, ba ashirin ba, waɗanda zai iya riƙewa.

Abu ɗaya: wanda ke kashin farko kar ka ce sai wani zuwan. Kwafi ɗaya ne.

Na takwas: in ka dawo gida

Kar ka haɗa su da sauran littattafanka ranar. Fita waje inda iska ke kaɗawa, a inuwa ba a rana ba, ka share ƙura da burushi mai laushi daga ƙeya zuwa waje. Wanda kake zargin ƙwari, in a bushe yake, sa shi a leda ka fitar da iska ka ɗaure sosai, ka sa a firiza mai sanyin da ya kai 18 ƙasa da sifili na kamar mako guda, in ka fito da shi kar ka kwance ledar sai ya kwana sanyin ya sake shi, don raɓar ta tsaya a jikin leda ba a takarda ba. Ban da tsofaffin hotuna, su kar ka sa su.

Don Allah kar ka liƙa salatif a inda ya yage, bayan 'yan shekaru gam ɗinsa yana narkewa ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita, kuma kar ka kai a rufe takarda da roba mai zafi, wannan ba ya warwaruwa. Ƙarfen da ya yi tsatsa cire shi a hankali, ka sa ɗan littafin cikin ambulan ko fayil ɗinsa shi kaɗai, ka rubuta sunansa a waje. Wanda bangonsa ya rabu, ɗaure shi da zaren auduga mai faɗi, ba roba ba. Ajiye su nesa da ƙasa, nesa da bangon da ke tsattsafo, inda iska ke shiga.

Sai ka ɗau hoton kowane shafi na waɗanda suka fi rauni, da hasken taga, ka adana a wuri biyu, daga nan a hoton za ka riƙa karatu. A 'yar takarda daban rubuta da fensir ranar da ka saya da inda ka saya da duk abin da mai shagon ya gaya maka game da inda kwalin ya fito, ka saka ta a cikin bangon gaba. Sunayen mutane da wuraren da ka tsinta a sababbin littattafan kuma ka ƙara su a takardar nan ta mataki na farko, da ita za ka fita zuwa na gaba.